Wa ke yi wa marasa lafiyarmu tafinta a asibitocin Kanada?

Maman Hanifa (Otawa):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau dai na ce bari in ajiye ta a gabanku. Kusan kullum sai an yi cigiya a nan: wance za ta ga likita gobe, wa ke da sarari ya raka ta ya yi mata fassara? Allah ya saka wa masu zuwa da alheri, ni ma ina zuwa. Amma ina ganin wannan taimakon namu ya fara rufe mana ido daga abin da yake haƙƙinmu. Mu da muka zo daga Nijar, da 'yan'uwa na Kamaru da Chadi, da Faransanci muka yi karatu, kuma a nan lardin Ontariyo tun 1986 akwai dokar da ta tanadi hidima da Faransanci. Duk da haka sai ka ga mace da digirinta na jami'ar Yamai tana in'ina a gaban likita da ɗan Turancin cefane, don tana jin nauyin ta ce a kira mata mai Faransanci. Su kuwa iyayenmu da ke zuwa taya jego, ba Turanci ba Faransanci, sai a haɗa su da jika ɗan shekara goma a ce ya fassara. Ni dai ina ganin lokaci ya yi da za mu daina tura yara da maƙwabta, mu koyi neman tafintan asibiti. Me kuka gani?

Abban Sultan (Kalgari):
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki yi haƙuri, ni ban ga abin muhawara a nan ba. Wanda ya zo garin mutane shi ke koyon harshensu. Gwamnati na ba masu takardar zama ajin Turanci kyauta, me ya hana mu shiga? Nan lardin Albarta in ka ce sai likita mai Faransanci, ciwon zai gama da kai kafin layi ya zo kanka. Miliyoyin 'yan ƙasar ma ba su da likitan iyali, balle mu da muka zo jiya mu ce sai mai jin yarenmu. Da babu gara ba daɗi. In yaro ya iya Turanci, ya fassara wa kakarsa, a ba da magani a dawo gida.

Isufu ɗan Damagaram (Sudbury):
Yaya Abban Sultan, akwai gyara. Faransanci ba harshen baƙi ba ne a ƙasar nan. Tun 1608 da aka kafa birnin Kebek ake yin sa, kuma tun 1969 dokar tarayya ta ajiye shi daidai da Turanci. Abin da ke kawo cikas shi ne harkar lafiya a hannun larduna take, kowa da tsarinsa. New Brunswick kaɗai ce ta ɗauki harsunan biyu a matsayin na hukuma, har hukumomin lafiya biyu gare ta, Vitalité mai aiki da Faransanci da Horizon mai aiki da Turanci, kuma kowacce dole ta karɓe ka da wanda ka zaɓa cikin biyun.

A Ontariyo kuwa da gumi aka samu abin da ake da shi. Mutanen Otawa sun san asibitin Montfort, amma ba kowa ya san an kusa rufe shi ba. A watan Fabrairun 1997, zamanin gwamnatin lardi ta Mike Harris, hukumar da aka ɗora wa sake tsarin asibitoci ta ce a rufe shi, alhali shi kaɗai ne asibitin koyarwa mai aiki da Faransanci a duk lardin. Wata dattijuwa, Gisèle Lalonde, tsohuwar magajiyar garin Vanier, ita ta ja gaba aka kafa ƙungiyar ceto asibitin, SOS Montfort. Ranar 22 ga Maris na wannan shekara mutum wajen 10,000 suka cika zaure guda a Otawa. Suka kai ƙara, suka yi nasara a 1999, gwamnati ta ɗaukaka, kotun ɗaukaka ƙara ta lardin ta sake ba su gaskiya ranar 7 ga Disamba 2001, a farkon 2002 gwamnati ta haƙura. Waɗannan mutane fa yawancinsu suna jin Turanci sarai, a nan aka haife su. Amma suka ce mara lafiya da harshensa yake faɗin ciwonsa. In su da suka iya Turanci sun shekara biyar suna wannan fafutuka, ina ga mu?

Kuma abin da yawancin mutanenmu ba su sani ba: tun 2009 Ontariyo ta faɗaɗa lissafinta. Duk wanda harshen uwarsa ba Turanci ba ne ba kuma Faransanci ba, amma ya iya Faransanci yana yin sa a gida, to yana cikin masu Faransancin lardin, waɗanda yawansu ya haura 600,000. Wato Bahaushen Damagaram irina da Bazabarmen Doso duk muna ciki. Ba alfarma muke roƙo ba.

Maman Hanifa (Otawa):
Allah ya yi maka albarka Malam Isufu. Wallahi a Montfort na haifi Hanifa, amma ban taɓa jin wannan tarihin ba sai yau.

Anti Rakiya (nas, Otawa):
Bari in sa baki a matsayina na mai aiki a ciki. Malam Isufu ya yi gaskiya, amma kada a ɗauka dokar Faransanci ta Ontariyo ta rufe ko'ina. Ta shafi ofisoshin gwamnatin lardi a yankunan da aka ware, wato inda masu Faransanci suka kai kashi 10 cikin 100, ko mutum 5,000 in birni ne. Asibiti kuwa sai wanda aka ayyana da sunansa, wani ma sashe ne kawai a cikinsa aka ayyana, kamar ɗakin haihuwa ko wurin karɓar marasa lafiya. Ofishin likitan unguwa da kantin magani ba sa ciki. Tun 1 ga Afrilu 2023 an wajabta wa wuraren da dokar ta shafa su fara tayin da kansu, wato a gaishe ki da harsunan biyu tun daga ƙofa ko a waya, ba sai kin tambaya ba. In ba a yi ba, akwai kwamishinan hidimar Faransanci a ofishin mai karɓar koken jama'a na lardin, kai koke kyauta ne.

Yanzu ga Abban Sultan. Ƙanena, maganar ba ta jin daɗi ba ce, ta rai ce. A 2022 mujallar ƙungiyar likitocin Kanada ta buga wani bincike da aka yi a kan masu raunin jiki kusan 190,000 na Ontariyo, masu samun kulawa a gida da aka kwantar a asibiti. Masu Faransanci da suka samu likita mai jin harshensu, yiwuwar mutuwarsu a asibiti ta yi ƙasa da kashi 24 cikin 100 in aka kwatanta da waɗanda ba su samu ba. Masu sauran harsuna, irin iyayenmu ke nan, kashi 54. Sun kuma fi saurin samun sallama. Amma masu sauran harsunan da suka dace da irin wannan likita ba su kai kashi 2 cikin 100 ba.

Ga abin da na gani da idona a wani wuri da na taɓa aiki. Wata tsohuwa mai ciwon gaɓoɓi, akwai ƙwayar da ake ba irinsu, sau ɗaya a mako ake shan ta. Jikanta ne ya fassara, yaro mai hankali. Likita ya yi bayani, yaro ya juya ya ce, Kaka, guda ɗaya za ki riƙa sha. Maganar mako ta faɗi a hanya. Da aka dawo da ita bakinta duk ya yi gyambo, ruwa ma da ƙyar take haɗiyewa, jininta ya yi ƙasa. 'Yarta ta zazzage kwalbar a tafin hannuna muka ƙirga tare, a nan muka gane kullum take sha. Ta tashi, alhamdu lillahi. Amma yaron nan yana tsaye a bakin ƙofa yana jin duk abin da ake faɗa. Wa ya ɗora masa wannan kaya? Mu manya.

Abban Sultan (Kalgari):
Allah ya kiyaye. Anti, ban musa ba, amma ki duba alƙaluman da kika kawo. Ke da kanki kin ce ba su kai kashi 2 ba. To ina za a samo likita Bahaushe a kowane asibiti daga Halifax zuwa Bankuba? Kuma binciken a kan tsofaffi masu rauni aka yi shi, ba a kan irina da ke zuwa a duba masa hawan jini ba. Abin da ba zai samu ba, me ya sa za mu tayar wa mutane da hankali a kansa?

Anti Rakiya (nas, Otawa):
Ai ba likita Bahaushe muke nema ba, tafinta muke nema, wanda aka horar. Manyan asibitoci suna da kwangila da kamfanonin fassara ta waya ko ta bidiyo, ana turo na'urar a kan ƙafafunta har bakin gado. Hausa na cikin jerin harsunan manyan kamfanonin, sai dai ba kamar Larabci ko Sinanci ba ne da ake samu nan take, wani lokaci sai an jira, shi ya sa ake faɗa tun ranar da aka ba ka lokacin ganin likita. A inda asibiti ke da wannan tsari, ba mara lafiya ke biya ba.

Akwai wani binciken da aka yi a ɗakunan gaggawa na yara a Amurka, an buga shi a 2012. An naɗi maganganu aka ƙirga kurakuran fassara. Cikin kurakuran ƙwararren tafinta, kashi 12 ne masu iya cutarwa. Na ɗan'uwa ko wani da aka tsinta a wurin, kashi 22. Inda babu tafinta sam, kashi 20. Ka gani? Rakiyar da muke yi da kyakkyawar niyya ba ta fi babu ba, don in akwai ɗan rakiya likita sai ya saki jiki ya ɗauka saƙo ya isa.

Kuma ranar hawan jini ba ita ce abin tsoro ba. Turancin da kake taƙama da shi, ranar da ciwo ya yi tsanani ko tsufa ya taɓa ƙwaƙwalwa, shi ke fara gudu. Muna ganin tsofaffin da suka yi shekara arba'in suna aiki da Turanci, ciwon mantuwa na kama su sai su koma harshen da aka yi musu tawai da shi.

Ɗan Zango (Toronto):
Salamu alaikum. Ni aikina taimaka wa sababbin zuwa ne, don haka bari in faɗi wadda ba ta da daɗin ji. Duk wannan doka ta Faransanci ce. Mahaifiyata ta Kumasi da ba ta jin komai sai Hausa da Tuwi, yaren Asante na Ghana, babu dokar da ta ambace ta. Dokar lafiya ta tarayya ta 1984 ba ta yi maganar tafinta ba. A 1997 kotun ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Eldridge cewa dole lardin British Columbia ya samar wa kurame tafintan maganar hannu a asibiti, amma ba a shimfiɗa hukuncin a kan masu sauran harsuna ba. Shi ya sa abin ya zama sa'a: wani asibiti tsari gare shi mai kyau, wani kuwa sai a ce maka ka zo da wanda zai fassara maka.

Amma akwai igiyar da nake koya wa mutane su riƙe. A Ontariyo dokar amincewar mara lafiya ta 1996 ta ce ba a yi wa mutum aiki sai da yardarsa, kuma sai an yi masa bayanin aikin da haɗarinsa da abin da zai biyo baya in ya ƙi. To wanda bai ji abin da aka ce ba, ta ina ya yarda? In aka miƙo takarda, kada a sa hannu. A ce ban fahimta ba, ina son tafinta. Likitoci sun san nauyin wannan magana, don su abin zai dawo wa.

Baraka (Montiriyal):
Ku kuna kukan rashin Faransanci, mu nan shi ne ya yi mana yawa. Ni 'yar Jos ce, da Turanci na zo. A nan lardin Kebek dokar lafiya ta ba masu Turanci haƙƙin a duba su da Turanci, amma gwargwadon ma'aikatan da wurin ke da su. Cikin Montiriyal ba laifi, kina fita wajen gari sai labari ya canza. Bayan dokar harshe mai lamba 96 ta 2022, sai ga wani umarni na ma'aikatar lafiya a Yulin 2024 da ya rikita kowa, mutane suka ɗauka sai da wata takardar shaida za a yi maka magana da Turanci a asibiti. Aka yi ta surutu har aka sauya shi a Satumba, aka fayyace cewa ba a neman takarda. Amma tsoron ya riga ya shiga. Na san mata a nan da ke jinkirta zuwa awo don fargabar a yi musu faɗa a kan harshe. Ni yanzu in zan je, maƙwabciyata 'yar Garwa nake ɗauka, in za ta Otawa kuma ni ke raka ta.

Isufu ɗan Damagaram (Sudbury):
Anti Baraka, ciwon ɗaya ne, lardin ne ya bambanta. Abin da ke ba ni haushi, gwamnatin tarayya na ta ƙara kiran masu Faransanci su zo su zauna a wajen Kebek. Ta cimma kashi 4.4 cikin 100 na sababbin mazauna a 2022, ta ɗaga burin zuwa 6 a 2024. Da yawansu daga Afirka suke. Ana kai su garuruwan da aka ce musu akwai Faransanci, su tarar da makaranta akwai, amma ɗakin gaggawa da tsakar dare babu mai ji. Ga kuma likitoci da nas-nas namu da suka yi karatu da Faransanci a Yamai da Dakar da Yawunde suna tuƙin tasi, suna jiran a amince da takardunsu.

Ummi (Toronto):
Ina neman afuwar iyayena da ke nan, ban saba magana a cikin manya ba. Ni ce yarinyar da ake magana a kai. Ina aji shida aka fara ɗauke ni daga makaranta in raka Mama asibiti. Rannan likita ta yi tambaya a kan al'adarta da abin da ya shafi ita da Baba. Ban ma san kalmomin da Hausa ba, ba a taɓa faɗinsu a gabana ba. Mama ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta, ni ina kallon agogon bango. Sai na ce wa likita ta ce lafiya lau. Mama ba ta ce komai ba. Muka dawo a bas ba wanda ya kalli wani. Sai bayan shekaru aka gano abin da ke damunta, an yi mata aiki, ta samu sauƙi. Har yau ba mu taɓa tayar da maganar ba. Kawu Abban Sultan, don Allah kada a ce yaro ya fassara a dawo gida. Yaron da abin yake dawowa.

Abban Sultan (Kalgari):
Ummi, 'yata, Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa Mama lafiya. A kan yara na ji. Amma babba fa? Ni nake yi wa matata, kuma ba na jin zan yarda wani ƙato ya zauna yana jin sirrin iyalina.

Hajiya Babba (Winnipeg):
Yawwa, yanzu aka zo wurin. Ku bar ni in faɗi abin da mata ke faɗa a kicin ba sa faɗa a nan. Ba rashin sanin akwai tafinta ne ke hana mu ba. Mu nawa ne a garin nan? Duk Bahaushen da ke Winnipeg na san shi, na san matarsa, mun haɗu a suna ko a Idi. In asibiti ya ce zai kawo mai jin Hausa, wa zai kawo in ba ɗayanmu ba? Mace mai neman haihuwa, ko mai ciwon da ake jin kunyarsa, ko wadda damuwa ta kama har tana tunanin abin da bai kamata ba, ta buɗe baki a gaban wanda za ta gani ranar Juma'a? Gara ta yi shiru. Ni kaina akwai abin da na gwammace in faɗa da gurguwar Turancina da in faɗa wa ɗan gari. Ku ba ni amsar wannan tukuna.

Maman Hanifa (Otawa):
Hajiya Babba ta taɓo inda yake ciwo. Ni ma na sha jin haka.

Anti Rakiya (nas, Otawa):
Hajiya, tsoronki na kan hanya, kuma ba ku kaɗai ba ne, duk ƙananan al'ummomi haka suke fama. Abu biyu zan ce. Tafintan da asibiti ya ɗauka ya sa hannu a kan riƙe sirri, in ya fitar da magana aikinsa ne zai tafi. Maƙwabciyar da ta raka ki don Allah ba ta sa hannu a kan komai ba. Na biyu, kina da ikon cewa ba kya son na ido da ido, na waya kike so, kuma mace. Ta waya tana iya kasancewa a wani lardi ko wata ƙasa, ba ta ganin fuskarki. In aka haɗa ku kika ji muryar wadda kika sani, ki ce a canza, ba sai kin ba da dalili ba.

Abban Sultan, zan gaya maka gaskiya don na ɗauke ka ƙane. Ka zauna kusa da matarka, ka riƙe mata jaka, ka yi tambayoyinka, wannan duk alheri ne. Amma fassarar ka bar wa wani. Miji na fassara yana tacewa, ba don mugunta ba. Ta ce ciwon ya yi wata uku, ya ce kwana biyu ne don kada a ce ya yi sakaci. Likita ya ce akwai haɗari, ya ce mata ba komai don kada ta tsorata. Akwai kuma tambayoyin da aka umarce mu mu yi wa mace ita kaɗai, kamar ko ana dukanta a gida. Ba kai ake zargi ba, kowace mace ake yi wa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Abban Sultan (Kalgari):
To in dare ne fa, naƙuda ta taso, ko yaro na shiɗewa? In tsaya jiran waya?

Anti Rakiya (nas, Otawa):
A'a. A gaggawa duk wanda ke kusa ya yi magana, rai ake ceto. In ka kira lambar gaggawa ta 911 ka faɗi sunan harshen, manyan birane suna haɗawa da tafinta. Amma da zarar hankali ya kwanta, kafin sa hannu a takardar tiyata da kuma lokacin sallama, a nan za ka nemi tafinta. Lokacin sallama ne aka fi yin ɓarna, don a nan ake bayanin magunguna. Kuma kowa ya riƙe wannan: kafin ku tashi, mara lafiya ya maimaita da bakinsa yadda zai sha kowane magani, likita ko mai kantin magani ya ji ya tabbatar. Masu ciwon suga da ke son yin azumi, wannan zaman ku yi shi kafin Ramadan, da tafinta, don ana canza lokutan allura da awonta.

Baba Alhaji (Edmonton):
Na karanta duka, Allah ya yi muku albarka. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Nan mun zama 'yan tsiraru shi ya sa muka ji zafin. A gida fa? Sau nawa muka ga Bafulatana ta sauko daga ruga da yaro a goye, ko Buzuwa a Agadas, ko mutumin dutse a Filato, ana yi musu tsawa a layin kati don ba su jin Hausa? Ko ɗan bautar ƙasa likita daga kudu a asibitin ƙauye, mai shara ce tafintarsa. Ba mu taɓa kiran wannan matsala ba, don harshenmu ne ke sama. Nan ma 'yan asalin ƙasar sun riga mu shan wannan. Anti Rakiya za ta ba da shaida, Inuwit na yankin Nunabut da ke can arewa ana ɗauko su a jirgi daga Ikaluwit, tafiyar fiye da kilomita 2,000, a kawo su Otawa jinya cikin mutanen da ba su jin harshensu, a ƙasar kakanninsu. In za mu nemi haƙƙi, mu nema tare da irin waɗannan, kuma 'ya'yanmu likitoci da ke gida su ji wannan magana.

Ɗan Zango (Toronto):
Gaskiya ne Baba. Ƙarin bayani ga masu kawo iyaye: wanda ya zo da bizar iyaye ta dogon zama ba ya cikin inshorar lardi, da inshorar kuɗi yake zuwa, wadda kuɗin jinyar da za ta iya biya bai gaza dalar Kanada 100,000 ba. To ku sani neman tafinta a asibiti bai rataya a kan katin lardi ba, mara lafiya mara lafiya ne. Kuma tun ranar da aka buɗe wa tsohuwa fayil, a sa a rubuta harshenta a ciki da cewa tana buƙatar tafinta. In ba a rubuta ba, a lissafinsu babu mai buƙatar Hausa, kuma ba za su nemi abin da ba su ga ana nema ba. Duk ranar da muka kai ɗan rakiya muka rufe gurbin, mun goge kanmu daga lissafi.

Isufu ɗan Damagaram (Sudbury):
Haka yake ga Faransanci ma. In aka gaishe ka da harsuna biyu ka amsa da Turanci don kada ka wahalar da mutane, gobe za a ce babu masu buƙata, a rage ma'aikata. 'Yan'uwana na Nijar, ku amsa da Faransanci.

Baraka (Montiriyal):
Amma a yi hattara, wani Faransancin nasa na makaranta ne ya tsaya a aji huɗu. Kada kunya ta sa ya ce ya iya, a yi ta zuba masa irin na Kebek da sauri yana gyaɗa kai. In Hausa ce ta fi zama a bakinka, ita za ka nema.

Abban Sultan (Kalgari):
Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa kowa ya dage ya koyi harshen gari, don tafinta ba zai bi ka ko'ina ba. Amma maganar sallama da magunguna ta shige ni. Zan tambayi uwargida wanda ta fi so, in ta ce ta waya, shi ke nan.

Hajiya Babba (Winnipeg):
Ka tambaye ta, amma ba a gabanka za ta ba da amsa ba. Ka bar nas ta tambaye ta.

Maman Hanifa (Otawa):
To ga abin da nake roƙo. Rakiya ba za mu daina ba, a kai mutum a mota, a zauna da shi, a riƙe masa yara. Amma duk wanda ya yi cigiyar mai fassara, a fara tambayarsa ko ya nemi na asibiti. Anti Rakiya, ki taimaka ki rubuta mana 'yar takarda da Turanci da Faransanci mai cewa harshena Hausa ne, ina buƙatar tafinta, mace ko namiji, ta waya ko ido da ido, kowa ya buga ya sa a jakar tsohuwarsa tare da katin asibiti.

Ɗan Zango (Toronto):
Sauran abu ɗaya. Jiran da ake yi kafin a samu mai Hausa, rashin masu takardar aikin ne ya kawo shi, musamman mata. Akwai kwas na tafintan al'umma a kwalejojin Ontariyo, ana iya yin sa ta intanet, ana koyar da kalmomin likitanci da ƙa'idar riƙe sirri, sannan a yi jarrabawar harshe. Aiki ne da ake biya. Ina neman mata ko da biyu, ɗaya mai Turanci ɗaya mai Faransanci, in taimaka musu da cike takardu.

Ummi (Toronto):
Kawu, ka sa sunana a na Turanci. Hausata sai an gyara, zan riƙa zama da Mama tana koya mini kalmomin. Amma da sharaɗi: ba zan yi wa kowa na Toronto ba. Ta waya kawai, ga mutanen wasu larduna da ba su san gidanmu ba.